Tsinke Mai Lamba Talatin da Ɗaya

Litinin, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Na iso gida. Motar Ɗanbatta ta sauke ni a bakin titi, na hau acaɓa zuwa ƙauye da jaka ɗaya da takardar da aka ba ni. Inna tana sussukar gero a tsakar gida, ta ɗago ta kalle ni, ta kalli jakar, ta ce, "Muhsina, hutu aka yi?" Na ce eh, hutu ne. Ban yi ƙarya sosai ba, don takardar ma cewa ta yi in je gida in huta har bakwai ga Oktoba, ranar da kwamiti zai zauna a kaina.

Bari in rubuta shi sau ɗaya a nan, don kada gobe wani ya juya min magana har ni ma in fara shakka. Shekara biyu ke nan ina karatun gyaran jirgin sama, fannin lantarkinsa da kwamfutocinsa, abin da muke kira abiyonik. Wata biyar da suka wuce makaranta ta tura mu wani kamfani a birni mu koyi aiki a hanga, babbar rumfar da ake kwance jirage. A can akwatin kayan aiki ba irin na bakaniken bakin titi ba ne. Kowane ƙarfe da lambarsa, kowanne da gurbinsa da aka yanka a cikin soso. Idan an tashi daga aiki sai a ƙirga, wanda ya ƙirga ya sa hannu, sannan a rufe jirgi. In ƙarfe ɗaya ya ɓata jirgi ba ya tashi, domin ba wanda ya san ko yana kwance cikin wayoyi yana jiran a kai sama.

Ranar Laraba ni ce mai ƙirga. Arba'in da bakwai ya kamata in samu, na samu arba'in da shida. Gurbi na talatin da ɗaya wayam. Wani siririn ƙarfe ne da ake zare fil da shi daga mahaɗar wayoyi, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da jan zobe a gindinsa, tsinke muke ce masa. Injiniya Abdulkabir, shugaban aikinmu, ya aika sito aka kawo wani, ya cusa a gurbin, ya miƙo min biro. Na ce wannan ba shi da lamba. Ya ce, "Ke, sa hannu, fasinja na jira." Ban sa ba. Na wuce ofishin masu duba ingancin aiki na faɗa musu.

Kwana biyu jirgi na ƙasa ana tone shi, ba a samu komai ba. Ga ni nan a gida.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Ban sa hannu ba. Ba kuma zan sa ba.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan azahar

Na jira Baba ya sallami dattawan da ke ɗaukar karatu a wurinsa, na shiga zaure na durƙusa na faɗa masa komai. To, kusan komai. Na faɗa masa in kwamiti ya ga dama zai iya kora ta, littafin aikina da na cika wata da watanni ya zama takardar ƙunsa ƙosai, jarrabawar lasisi kuwa sai dai in ji labari.

Baba, Malam Iliyasu, ba mai yawan magana ba ne. Ana zuwa daga ƙauyuka uku a roƙe shi ya yi shaida a kan iyakar gona, ya ce bai kasance a wurin ba ranar da aka kafa ta, a nemi wani. Ya ja carbinsa ya ce, "Kin ga gurbin da idonki?"

Na ce na gani.

"Babu komai a ciki?"

"Babu, Baba."

"To abin da kika gani shi za ki faɗa. Je ki taya uwarki aiki."

Shi ke nan fa. Na fito ina jin kamar an sauke min dami daga kai.

Alhamis, 18 ga Satumba, da yamma

Kawu Khalilu ya zo a kan mashin tun daga Tofa, ko ruwa bai sha ba ya fara. Ƙanen Inna ne, hedimasta, kuma tare suka yi sakandare da Injiniya Abdulkabir. Shi ya roƙe shi ya karɓe ni a sashensa, kuma ya tabbatar na tuna da hakan sau huɗu kafin ya zauna.

Ya zo da wasiƙa a rubuce, har da sunana a ƙasa, sa hannu kawai ta rage. Wai ni Muhsina Iliyasu na yi kuskuren ƙirga saboda gajiya, kaya sun cika tun farko, ina neman afuwa. Ya ce an riga an yi magana, in na sa hannu ba sai kwamiti ya zauna ba, ranar Litinin in koma aiki.

Na ce, "Kawu, kowa da biro yake bi na. Ashe hannuna na da daraja haka ban sani ba."

Ya ce, "Kin ji ta ko, Yaya Hure? Ƙarfen da ko kaza ba za ta tsince shi ba, a kansa ta tsayar da jirgi guda! Mutumin nan shekara ashirin da shida yana aikin nan, ke da ko lasisi ba ki da shi za ki koya masa?"

Na ce ba koya masa zan yi ba, shi ya koya min. Ranar farko da muka shiga hanga shi ya tsayar da mu gaban akwatin ya ce duk wanda ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ya sa hannu a kan rayukan mutane. Na rubuta maganar a littafina, in Kawu na so in ɗauko masa.

Bai so ba. Ya ajiye wasiƙar a kan turmi ya ɗora dutse, ya ce zai dawo. Inna ta raka shi har ƙofa tana ba shi haƙuri, kamar ita ta tsayar da jirgin.

Juma'a, 19 ga Satumba, kafin a sauko daga masallaci

Inna ce mai kitson unguwarmu, don haka duk safiyar Juma'a gidanmu rediyo ne. Mata huɗu a kan tabarma, kowacce ta tambaye ni yaushe zan koma, kowacce kuma ta riga ta san amsa. Ɗaya ta ce ai dama aikin ƙarfe sai maza. Na ce haka ne, Gwaggo, shi ya sa ma wanda aka dakatar tare da ni, Injiniya Abdulkabir, namiji ne. Ta kama bakinta.

Abin da ya ba ni dariya, ana tsakiyar kitso Inna ta nemi tsinken tsifarta ta rasa. Ta ɗaga tabarma, ta ɗaga ƙafar wadda take yi wa kitso, ta zargi akuya. Yana nan soke a ɗankwalinta, inda take soke shi kullum in hannunta ya cika. Haka kakata take yi, haka duk matan gidanmu. Rabon da in yi dariya tun ranar Larabar nan.

Lahadi, 21 ga Satumba, da rana

Kowa ya tafi kasuwar Ɗanbatta, gida shiru. Ikrima ya kira, abokin karatuna ne, tare aka tura mu hanga. Ya ce an saki jirgin bayan an duba ko'ina, amma takardar ɓatan tsinken a buɗe take. Duk sati in ya shigo sai an sake buɗe rami an bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da fitila da madubi. Rami shi ne ɗan ɗakin kwamfutoci da ke ƙarƙashin inda matuƙa ke zama, ba a tsayuwa a ciki, da rarrafe ake shiga, ga zafi. Ya ce jiya awa uku ya yi a ciki, ya fito yana ambaton sunana ba da alheri ba.

Sai ya ce, "Wai Muhsina, tsakani da Allah, ranar nan wa ya riƙe tsinken nan a ƙarshe?"

Na ce cajin wayata ya kusa ƙarewa.

Litinin, 22 ga Satumba, da safe

Na juye aljihuna a gabansu ranar. Duka shida. Kowa ya gani.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Na ɗauko littattafaina na baje a gindin darbejiya. Ko za a kore ni, sai na gama babin na'urar da ke gaya wa matuƙi gudunsa da nisansa daga ƙasa. Jirgi ya wuce ta samanmu yana saukowa wajen Kano, Baba na dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya bi shi da kallo. Ya ce, "Wai ke a cikin wannan abin me kike gyarawa? Fuka-fukin?"

Na ce a'a, jijiyoyin. Na ce a da matuƙi in ya ja sitiyari, igiyar ƙarfe ce ke jan bindin jirgi, kamar linzami. A sababbin nan kuwa hannunsa ba ya jan komai. Kwamfuta yake gaya wa abin da yake so, ita kuma ta aika saƙo ta waya. Abin da yake gani a gabansa ma, gudu, tsayi, sauran mai, duk ta waya ya zo masa. In akwai hazo ko gajimare bai ga ƙasa ba, abin da wayoyin suka faɗa masa shi ne gaskiyarsa. To ƙarfe ya faɗa tsakanin wayoyi biyu, jirgi na jijjiga, sai waya ta fara yi masa ƙarya.

Baba ya ce, "Kuma ba shi da yadda zai gane?"

Na ce wani lokacin yana ganewa.

Ya ce, "Allah ya kiyaye," ya shige ciki.

Su Injiniya Abdulkabir 'yan inji ne, mutanen baƙin mai da sifana. Mu 'yan abiyonik 'yan kwamfuta suke ce mana, wai hannunmu ko datti ba ya yi. Amma yawancin jiragen da ke shigowa hanga yanzu ƙorafin waya suke kawowa, kuma in allo ya nuna jan rubutu, injiniyan da ya fi kowa gemu sai ya waiga yana neman 'yar kwamfuta. Ina son aikin nan. Ina son sa har cikin raina, kuma ba zan bari a karɓe min shi da wasiƙar ƙarya ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, da hantsi

Wasiƙar Kawu tana nan a kan taga. Kaji sun yi mata abin da ya dace da ita.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan azahar

Kawu ya kira Inna, na ji muryarsa tun daga madafi. Da ta ajiye wayar ta zauna a bakin murhu tana share ido da gefen zane. Ta ce, "Ni ban san jirgi ba, Muhsina, ban taɓa shiga ba, ba kuma zan shiga ba. Abin da na sani shi ne ranar da kika tafi makarantar nan sai da na zaga gida-gida na faɗa. Yanzu in ce musu me?"

Na ce ta ce musu 'yarta ta iya ƙirga.

Ta ce, "Taurin kan nan na ubanki ne, ba nawa ba."

Na ji tausayinta, wallahi na ji. Amma ban sa hannu ba.

Lahadi, 28 ga Satumba, da yamma

Mun wuni a gona muna cirar gyaɗa. Bayana kamar ba nawa ba, farcena duk ƙasa. Su Injiniya su zo su ga hannun 'yar kwamfuta.

Ikrima ya turo saƙo. Wai Hajiyar da ke shugabantar ofishin inganci tana bayana, ta ce a gaban mutane da duk ɗalibai irina ne da ta huta. Wai kwamiti wanke ni zai yi, Injiniya ne zai sha. Ya ce in shirya, ranar bakwai ga wata ni ce tauraruwa.

Ya kamata in yi murna. Na karanta sau uku, na kashe wayar na ci gaba da karkaɗe gyaɗa.

Talata, 30 ga Satumba, da rana tsaka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata ɗin dai, bayan la'asar

Bari in rubuta.

Inna ta ce kaina ya zama saƙar tsuntsu, ba za ta bari in je gaban manya haka ba, in zauna ta tsefe min. Na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta fara tsifa, ina jin tsinken yana ratsa gashina, sanyi, santsi, ba irin na icen da na saba da shi ba. Ta ce, "Wannan tsinken naki na birni ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Sati biyu ke nan da shi nake wa kowa, in za ki koma ki sayo min wani."

Na ce wane tsinke.

Ta miƙo min ta saman kafaɗata. Ga jan zoben a gindinsa. Ga lambar a jiki, uku da ɗaya.

Ta ce washegarin da na dawo ta zazzage jakata za ta yi min wanki, ta warware wani ɗankwali da ke cukuikuye a aljihun gefe, ya faɗo.

Yanzu zan rubuta abin da na yi sati uku ina kewaye shi. Ni na riƙe shi a ƙarshe. Ni ce a cikin rami ranar Laraba kafin azahar, kwance a kan bayana, fitila a baki, waya a hannun hagu, mahaɗa a hannun dama. Ba a shiga rami da hijabi don kada ya maƙale, ɗankwali nake ɗaurawa tamau. Ina bukatar hannu na uku. Ban yi tunani ba, ban ma san na yi ba, na soke shi a ɗankwali. Aka kira salla, na fito na je alwala, na cire ɗankwalin ya jiƙe da gumi, na dunƙule na jefa a jaka, na sa hijabi. Bayan salla na ɗaura wani. Da yamma na tsaya gaban mutum tara ina juye aljihu ina ɗaga murya.

Kwana biyu jirgi a ƙasa. Ikrima awa uku a rami duk sati. Tsinken kuwa yana nan yana tsefe kan matan unguwarmu.

Laraba, 1 ga Oktoba, da safe

Ban ci komai ba. Kaina rabi a tsefe.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi

Inna ta gane, ba sai na yi dogon bayani ba. Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Wa ya sani? Ni da ke. Matan nan ba su san bambancinsa da ƙusa ba. Kawo shi in jefa a masai, ki je ki karɓi wankewarki. Ai ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai za ki yi."

Na daɗe ina kallon sa a tafin hannuna. Ba zan ɓoye wa littafin nan ba, na so. Na so ƙwarai. Na hango kaina ina fitowa daga gaban kwamiti, Hajiya na dafa kafaɗata, Kawu ya rasa inda zai sa fuskarsa. In kuwa na kai shi, ni ce sakaryar da ta ɓatar, ni ce ta tsayar da jirgi a banza, ni ce ta tafi da kayan kamfani gida. Injiniya zai ce ai dama ya faɗa.

Na ce, "Inna, takardar jirgin a buɗe take. Har ya tsufa za a riƙa neman abin nan a cikinsa."

Ta ce, "Su nema mana! Aikinsu ne."

Na naɗe shi a ɗankwalin na sa ƙarƙashin matashi. Ban ba ta ba, ban kuma ce mata a'a ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kai wa Baba ruwa zaure, na ajiye tsinken kusa da kofin. Na faɗa masa sauran abin da ban faɗa ba wancan karon. Ina jira ya yi faɗa, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ɗauka ya juya shi, ya matso da shi kusa da ido yana karanta lambar.

Ya ce, "Kwanan baya kin ce kin ga gurbi babu komai."

Na ce eh.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"To yanzu kuma me kika gani?"

Ya miƙo min shi, ya ɗauki kofinsa. Da zan fita ya ce, "Motar farko ta fi sauri, kada ki jira ta biyu."

Na fita bayan gida wajen rumbu na yi kuka mai isata. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, ina jin haushin kakata da ta koya wa kowa soke abu a ka. Na fi jin haushin kaina.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da yamma

Kawu Khalilu ya biyo daga kasuwa, Inna ta riga ta fesa masa. Ya shigo da fara'arsa, ya ce to alhamdulillahi, magana ta ƙare. Tunda ƙarfen ba ya cikin jirgi, ai Abdulkabir ne da gaskiya, in sa hannu a wasiƙa, shi zai kai masa ƙarfen a asirce a mayar, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Na ce wasiƙar ta ce na yi kuskuren ƙirga. Ban yi ba. Arba'in da shida ne, yau ma in an buɗe akwatin arba'in da shida ne. Kuskurena daban ne, kuma da bakina zan faɗe shi, ba da biron wani ba.

Ya ce, "Za ki kai kanki mahauta da ƙafarki?"

Na ce eh, da motar farko.

Ya kalli Inna, Inna ta kalli ƙasa. Can ta ce, "Zo in ƙarasa miki kitson nan, ba za ki je musu da rabin kai ba." Da tsinkenta na ice ta yi min.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Na goge rigar aiki. Na sayi hula mai roba a wajen maƙwabciya, irin wadda ko allura ba ta da inda za ta maƙale.

Ina tsoro. Na rubuta don in gani da idona: ina tsoro. Zan je.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyu da rabi, a bencin bakin hanga

Mutum uku ne a bayan tebur, Hajiyar inganci a tsakiya. Injiniya Abdulkabir na zaune a gefe, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Hajiya ta yi min murmushi ta ce in ba da labarin abin da ya faru. Na ce kafin labari ga wannan. Na warware ɗankwalin a kan tebur.

Na faɗi komai, rami, gumi, alwala, jaka, har kitson Juma'a. Wakilin makarantarmu ya kusa yin dariya ya mayar da ita tari. Murmushin Hajiya ya tafi, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Ta ce, "Kin san da kin yi shiru ba mai sani?"

Na ce na sani, Hajiya.

Injiniya ya miƙe tsaye. Ya ce, "To ga shi nan! Dama na faɗa ba ya cikin jirgi."

Na juya na kalle shi. Na ce, "Injiniya, ranar Laraba ba ka san inda yake ba. Ni da yake cikin jakata ma ban sani ba. Shi ya sa ban sa hannu ba. Ni na ɓatar, wannan nawa ne, a hukunta ni a kansa. Amma in gobe aka sake miƙo min biro a kan gurbin da babu komai, ba zan sa ba."

Ya koma ya zauna.

Suka fitar da mu minti arba'in. Ba su kore ni ba. Sun soke wata biyar ɗin nan daga littafin aikina, zan sake daga farko. Su Ikrima za su zauna jarrabawar lasisi bana, ni sai baɗi. Shekara guda ta tafi a kan abin da bai kai yatsa ba. Na Injiniya ba su faɗa a gabana ba, ban kuma tambaya ba.

Hajiya ta ce saura abu ɗaya, takardar jirgi ba ta rufuwa sai ƙarfe ya koma gurbinsa a gaban shaidu. Muka gangara hanga. Duk wanda ke wurin ya ajiye abin da yake yi. Ikrima ya jawo akwatin ya buɗe, bai kalle ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Awa tara na yi a ramin nan saboda ke, sai kin saya min tsire." A gurbi na talatin da ɗaya an sa jan kati. Na cire katin, na kwantar da tsinken, ya zauna daram.

Na ƙirga da ƙarfi, ina taɓa kowanne da yatsa. Na koma na sake daga ƙarshe zuwa farko. Ba wanda ya ce in yi sauri.

Da na ɗago, Injiniya Abdulkabir ne tsaye da rajista a hannu. Ya zaro biro daga aljihunsa, wannan dai shuɗin na ranar Laraba, ya miƙo min. Ya ce, "Nawa kika samu, 'yar kwamfuta?"

Na ce arba'in da bakwai.

Na sa hannu.